Finafinan ban tsoro da abin da ke jan masu kallonsu

Fim ɗin ban tsoro yana bai wa mai kallo damar ɗanɗana firgici yana zaune lafiya a kujerarsa, kuma sau da yawa dodon da ke ciki fargabar zamanin ce aka yi wa siffa. A "Night of the Living Dead" na George Romero, wanda ya fito a Amurka a Oktoban 1968, Ben, baƙar fata, ya kwana yana kare kansa daga gawawwaki masu cin naman mutane. Gari na wayewa, fararen fata 'yan sa-kai suka harbe shi bisa zaton ɗaya ne daga cikinsu. Wata shida ke nan da kisan Martin Luther King. Romero ya ce ƙwarewar Duane Jones ce ta sa ya ba shi rawar Ben, ba launinsa ba.