Shugaba a baya, sarakuna a gaba: dabarar jam'iyyar PPN-RDA a zaɓukan 1958

A watan Maris na 1957 aka yi zaɓen majalisar ƙasar Nijar bisa dokar 1956, wadda ta bai wa kowane baligi, namiji da mace, ikon jefa ƙuri'a. Cikin kujeru 60, jam'iyyar MSA ta Jibo Bakari ta samu 41, PPN-RDA ta Diori Hamani kuwa ta tashi da 19, galibinsu a yammacin ƙasa. A ƙasar Hausa, inda jama'a ta fi yawa, sunan Diori ba ya jan mutane. Amma kafin ƙarshen 1958 shi ne shugaban gwamnati. Abin bincike shi ne yadda jam'iyya ta ci zaɓe ba tare da shugabanta ya sami karɓuwa ba.

Ba asali ne ya raba mutanen biyu ba, domin dukansu Zabarmawa ne, haifaffun Sudure kusa da Yamai. Abin da ya raba su shi ne harshen siyasa. Jam'iyyar Jibo ta ɗauki suna na Hausa, Sawaba, watau sauƙi bayan wahala, kalmar da ƴan NEPU suka riga suka yaɗa daga Kano tun 1950. Manomin gyaɗa na Tasawa ko ɗan dako na Damagaram ba ya bukatar tafinta kafin ya gane ta. Ita kuwa PPN haruffan Faransanci ce kawai, ana ganin ta jam'iyyar malaman lakol da ma'aikatan biro. Mai zaɓen da bai yi karatun boko ba, abin da ya sani shi ne raƙumin Sawaba da giwar RDA.

Ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 ta buɗe wa PPN ƙofa. Dabara ta farko ita ce sauya tambaya. Maganar ba ta zama Diori ko Jibo ba, ta koma «i» ko «a'a» ga tsarin Janar de Gaulle, wanda ya bayyana cewa ƙasar da ta ce «a'a» ta rabu da Faransa nan take, da ita da taimakonta. Jibo ya zaɓi «a'a». PPN ta tsaya kan tsoron rabuwa, ba kan halin shugabanta ba.

Dabara ta biyu ita ce aron baki. Sarakunan gargajiya da suka mara wa Jibo baya a 1957 sun juya masa baya, tare da manyan abokan ƙawancensa irin su Isufu Sa'idu Zarmakwai. A ƙauye, saƙon «i» ya iso ta bakin sarki da dogarinsa, cikin harshen da talaka ya saba yi wa biyayya. Sabon gwamna, Don-Jean Colombani, ya sa nauyin mulkin mallaka gaba ɗaya a wannan ɓangare. «I» ta samu kashi 78 cikin ɗari, amma waɗanda suka fita zaɓe ba su kai kashi 40 na masu rajista ba.

Dabara ta uku ita ce sauya suna. A zaɓen 14 ga Disamba, PPN ta shiga cikin ƙawance mai suna Union pour la Communauté franco-africaine, sunan da bai ambaci mutum ko yanki ba. Ƙawancen ya samu kujeru 49, Sawaba 11. Ran 18 ga wata Diori ya zama shugaban gwamnati.

Kujerun Sawaba sun fito ne daga Tasawa da Damagaram, aka kuma soke su daga baya. A watan Oktoba na 1959 aka haramta jam'iyyar, ƙasa ta koma hannun jam'iyya guda har juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Wannan na nuna iyakar dabarar: ta kawo mulki, ba ta kawo yarda ba, sai aka cike giɓin da ƙarfi.

Ga masu tsara yaƙi da jahilci, darasin a fili yake. Inda mai zaɓe ba ya iya karanta tambayar da aka yi masa da harshensa, wanda ya fassara masa ita shi ne ya yi zaɓen.