Laburaren Makaranta da Sakamakon Jarrabawa: Nazari a kan Jihohin Amurka

Gabatarwa

A Amurka, ragamar ilimin firamare da sakandare tana hannun jihohi ne. Kowace jiha ita ke fayyace abin da ake so ɗalibi ya iya a ƙarshen kowane aji, sannan ta auna shi da jarrabawarta. Tun daga 2002, lokacin da aka sanya hannu a kan dokar No Child Left Behind wadda ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa aji takwas, darajar makaranta ta rataya a kan maki. Duk sashen da bai nuna gudummawarsa ga makin ba, shi ake fara zaftare wa kuɗi, laburare kuwa yana sahun gaba. Matsayar wannan maƙala ita ce laburare yana ɗaga sakamakon ɗalibai, amma da sharaɗin a sami ƙwararren jami'i a cikinsa wanda ke aiki kafaɗa da kafaɗa da malaman aji.

Abin da manhaja ke nema

A 2010 aka fito da ma'aunin bai-ɗaya da ake kira Common Core, wanda jihohi fiye da 40 suka karɓa. Ma'aunin ya nemi rabin abin da ɗan aji huɗu zai karanta ya zama rubutun bayani, wato tarihi da kimiyya da makamantansu, kason kuma ya kai 70 cikin 100 a ajin ƙarshe na sakandare. A fannin rubutu, ya buƙaci ɗalibi ya iya tattaro bayanai daga littattafai da intanet, ya tantance sahihancin kowace majiya, ya kuma yi amfani da ita ba tare da satar fasaha ba.

Littafin darasi guda ɗaya ba zai iya koyar da wannan ba, domin wanda bai taɓa ganin majiyoyi biyu sun saɓa wa juna ba, ba shi da abin da zai tantance. Malamin aji kuma, wanda darasi da gyaran takardu suka cinye lokacinsa, ba zai iya zaɓo wa kowane yaro littafin da ya dace da ƙarfin karatunsa ba. Wannan shi ne aikin jami'in laburare: ya san manhaja, ya sayo littattafai bisa ga ita, ya zauna da malamin tarihi ko na kimiyya su tsara aikin bincike tare.

Abin da bincike ya nuna

A 1993 Keith Curry Lance da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a makarantun jihar Kolorado, inda suka gano cewa yawan littattafai da yawan ma'aikatan laburare suna tafiya tare da makin karatu. Bincike na biyu a 2000 ya ƙara fito da wani abu: makin ya fi tashi a inda jami'in laburare ke shirya darasi tare da malamai. An maimaita irin wannan nazari a Alaska da Fensilbaniya da wasu jihohi da dama, sakamakon kuma bai sauya alƙibla ba. Binciken Fensilbaniya na 2012 ya nuna cewa tasirin jami'i na dindindin ya fi bayyana a jarrabawar rubutu fiye da ta karatu. A Ohayo kuwa, Ross Todd da Carol Kuhlthau sun tambayi ɗalibai sama da 13,000 kai tsaye, kusan dukkansu suka ce laburare ya taimaka musu a karatunsu.

Ƙorafin masu suka

Masu suka suna cewa tafiya tare ba ta nufin ɗaya ne ya haifar da ɗaya. Makarantar unguwar masu hali tana da laburare mai kyau, tana kuma da iyaye masu ilimi da malamai masu albashi mai tsoka, saboda haka wataƙila arziki ne ke ɗaga makin. Wannan ƙorafi yana da tushe, domin yawancin binciken nan na kwatanta alƙaluma ne, ba gwaji ba.

Sai dai akwai amsa iri biyu. Ta farko, masu binciken sun cire tasirin talauci da yawan ɗalibai a aji daga lissafinsu, amma alaƙar ba ta ɓace ba. Ta biyu, a Fensilbaniya 'ya'yan talakawa da baƙar fata da masu buƙata ta musamman su suka fi cin gajiyar jami'in laburare. Da a ce arziki ne kaɗai ke aiki, da ba a ga haka ba. Dalilin a fili yake: yaron da gidansu ke cike da littattafai yana da madadi, wanda kuwa babu ko ɗaya a gidansu, laburaren makaranta ne kaɗai gatansa. Dokar ilimi ta 2015, ESSA, ta ba da damar kashe kuɗin tarayya a kan inganta laburaren makarantu. Duk da haka, yawan jami'an laburare a makarantun ƙasar ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 tsakanin 2010 da 2019.

Kammalawa

Manufar Ilimi ta Ƙasa a Nijeriya ita ma ta ɗora wa masu makarantu alhakin samar da laburare mai aiki, kuma jarrabawar WAEC da NECO suna auna fahimtar rubutu da insha'i, waɗanda ba a ƙwarewa a kansu sai da yawan karatu. Darasin da jihohin Amurka suka bayar shi ne gini da kantocin littattafai kaɗai ba sa ɗaga maki. Don haka ya kamata ma'aikatun ilimi na jihohinmu, a duk lokacin da suka ware kuɗin gina laburare, su ware albashin ƙwararren jami'in da zai riƙe shi, su kuma sanya sa'ar laburare a jadawalin darasi na kowane aji.