Madubin Saitin Bindiga da Harbin Kan Tudu

Madubin saiti na'ura ce da ake ɗaurawa bisa bindiga domin kusanto da abin da ke nesa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Ƙofar Kaura a birnin Katsina, saita shi ba ya da wahala. Amma a duwatsun yankin dajin Rugu, inda jami'an tsaro ke fafatawa da 'yan bindiga, harsashin da aka harba kan tudu yakan sauka sama da inda aka nufa. Idan karkatar tudun ta kai digiri 30, nisan mita 400 tamkar mita 346 ne wajen lissafin faɗuwar harsashi. Wanda bai rage saitin ba zai iya kuskure, harsashin ya wuce bayan dutsen, inda wataƙila manomi ko makiyayi ke tsaye. Shi ya sa wajen zaɓen madubi, ingancin ma'aunin gyaran tsayi ya fi girman hoto muhimmanci.