Wa Ke Biyan Kuɗin Wutar Lakwal? Daga Wutar Kara zuwa Fayafayan Malbaza

Duk lokacin da Oktoba ta kama, yara suka koma lakwal, sai tsohuwar gardama ta tashi a Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela: kuɗin wuta da na man inji da na itacen girki, a wuyan wa suke? Iyaye su ce gwamnati, darakta ya nuna ofishin magajin gari, can kuma a ce a jira Yamai. Gardamar ta girmi waɗanda ke yin ta.

Makarantar allo ta daɗe da raba wannan gardama. Almajirai ne ke yo kara da kirare, a hura wuta bayan isha'i, a kewaye ta da alluna. Da Faransawa suka kawo boko, bayan ɓarnar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi wa Ƙonni a 1899, karatu ya koma na rana, bitar dare kuma ta zama ta aci-balbal da fitilar ƙwai, a aljihun uba. Haka aka shiga mulkin kai a 1960.

A 1968 aka kafa kamfanin wutar lantarki na NIGELEC, shekarar da Najeriya ta kammala madatsar Kainji. A 1976 layin Birnin Kebbi ya kai wuta Yamai. Na biyu, daga Katsina zuwa Gazawa, ya zo a 1994, ya ciyar da Maraɗi da Damagaram, daga bisani reshensa ya miƙo yamma zuwa Malbaza. A lokacin wutar tana da araha, har ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha. Haka ma mai. Daga Ƙonni zuwa Illela ta jihar Sakkwato (kada a haɗa ta da Illelarmu ta Tawa) ƴan kilomita ne, kuma fetur ɗin ruwa-ruwa da ake jerawa a kwalabe bakin hanya shi ya riƙe babur ɗin mushe mai zuwa ƙauye, da injin mai buga takardun jarrabawa, da janareton makarantu masu zaman kansu.

Ga abin da na tsaya a kai: tallafin makamashin da makarantun wannan yanki suka rayu da shi shekara da shekaru, baitulmalin Najeriya ne ya biya shi. Arahar ta sa ba a taɓa zama an tsara yadda lakwal za ta samu wuta da kanta ba.

Dokar ilimi ta 1998, wadda ake kira LOSEN, ta raba nauyin makaranta tsakanin gwamnati da ƙananan hukumomi da iyaye. Daga nan aka samu kwamitocin kula da makarantu na COGES, waɗanda suka koma CGDES, kuma a nan jihar Tawa hukumar JICA ta Japan ta fara gwada ƙarfafa su a 2004. A ƙarshen 2007 aka yi wani gwajin da ya kamata a riƙa tunawa: cikin makarantu 1,000 na Tawa da Damagaram, 500 suka karɓi kuɗi a hannu, kimanin dalar Amurka 209 kowace. Iyaye sun tashi tsaye, sun yi gyare-gyare, sun sayi kayan aiki. To amma kuɗin da bai fi na gyaran ƙofa da tebura ba, ina zai ja waya? A 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi kula da makarantun firamare, nauyi ya sauko, kuɗi suka biyo a hankali.

Sai 2023, shekarar duka biyu. Ranar 29 ga Mayu Bola Tinubu ya janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Yamai, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, farkon Agusta Najeriya ta katse wuta, aka rufe iyaka.

Da yawa suna ɗora laifin duka a kan takunkumin. Ya cutar, babu musu, kuma yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su suka sha duhun. Amma an ɗage shi a Fabrairun 2024, iyakar Ƙonni ta buɗe a Maris, arahar ba ta dawo ba. Gwamnati ta yi abin a yaba a Yulin 2024 da ta sauke litar isansi daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. Duk da haka a Maris na 2025 layuka suka cika gidajen mai, domin matatar SORAZ, mai ganga 20,000 a rana tun 2011, ta kasa cike gurbin man da ke tsallako iyaka a da. Wasu kuma na cewa talauci ne kawai, ƙasar da mutum ɗaya cikin biyar ke da lantarki ba ta kai ga wutar aji ba. Wannan ma bai gamsar da ni ba. Ragin farashi yana taimakon mai mita da mai inji, alhali mafi yawan makarantun karkara ba su da ko ɗaya, wasu azuzuwan ma na zana ne. Makamashinsu shi ne itacen da ake dafa abincin yara inda akwai kantin, da fitilar da ɗan ajin BEPC ke nema a zafin Afrilu da Mayu, har ya ƙare ƙarƙashin fitilar titi da littafinsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganin yana gabanmu. A Nuwamban 2018 aka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, da bashin Indiya, ta farko irinta a Nijar, a garin da masana'antar siminti ke jan wuta dare da rana. Wutarta layi take bi, kuma layi bai san ƙauyukan Illela na nesa ba. Lakwal mai aji uku fayafayan hasken rana kaɗan take buƙata da batir da ƙwayayen wuta, sai kuɗin gyara na shekara a asusun CGDES, da wani matashin garin da aka koya wa aikin, don kada ƙurar hunturu ta rufe fayafayan.