Tarihin Yadda Manhaja Ke Sake Gano Rumbun Bayanai Bayan Adireshi Ya Sauya

A zamanin ARPANET, kafin intanet ta yaɗu, sunayen kwamfutoci da lambobin adireshinsu suna tattare ne a cikin fayil guda mai suna HOSTS.TXT, wanda cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya take kula da shi, kuma kowace kwamfuta takan kwafo shi lokaci-lokaci, ta yadda duk wadda ta sauya adireshi sai ta ɓace wa masu riƙe da tsohon kwafi. A shekarar 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, wato tsarin da ke mayar da suna zuwa lamba, aka kuma ɗora wa kowace amsa wa'adi, wanda idan ya cika dole a sake tambaya.

Matsalar ta dawo da sabon salo lokacin da aka fara raba rumbun bayanai a kan gungu, wato kwamfutoci da yawa da ke aiki tare tamkar ɗaya. Redis Cluster, ɗaya daga cikin irin waɗannan rumbuna, wanda ya fito a 2015, ya kasa bayanai zuwa gurabe 16384, kuma manhajar da ke neman bayani takan ajiye taswirar da ke nuna kwamfutar da ke riƙe da kowane gurbi; idan ta tuntuɓi wadda ba ita ba, sai a ba ta amsar MOVED tare da adireshin da ya dace. Sai dai wannan gyaran yana aiki ne kawai idan akwai aƙalla adireshi ɗaya da ke amsawa, kuma tun bayan da Google ya fitar da Kubernetes, wato tsarin da ke sarrafa gudanar da manhajoji a kan gungu, a 2014, ya zama ruwan dare dukkan kwamfutocin gungu su sake tashi da sababbin lambobi, taswirar kuma ta zama ba ta da amfani.

Saboda haka masu rubuta irin waɗannan manhajoji suka koma ga darasin 1983: manhaja ta riƙe sunayen kwamfutocin da take fara tuntuɓa maimakon lambobinsu, ta sake tambayar DNS duk lokacin da haɗi ya yanke, ta riƙa sabunta taswira a kai a kai, ta kuma ninka tazarar jira tsakanin yunƙuri da yunƙuri domin kada dubban manhajoji su far wa gungun a lokaci guda. Redis 7.0 na shekarar 2022 ya ƙarfafa wannan hanya da ya bai wa kwamfutocin gungu damar sanar da kansu da suna.