Kwanon Sadaka a Titunan Landan: Tarihin Sufayen Daji a Ingila

A shekarar 1977 wani dattijo ɗan ƙasar Tailan mai suna Ajahn Chah, ɗaya daga cikin manyan malaman addinin Buddha na zamaninsa, ya sauka a Landan tare da almajirinsa Ba'amurke, Ajahn Sumedho. Bayan ɗan lokaci malamin ya koma gida, ya bar Sumedho da wasu sufaye uku a wani gida da ke unguwar Hampstead. Umarnin da ya bar musu shi ne su rayu kamar yadda suke rayuwa a dajin Tailan: kada su taɓa kuɗi, kada su dafa abinci, kada su ajiye na gobe, kuma kowace safiya su fita da kwanonsu ko wani zai sa musu abin da za su ci.

Duk mai hankali da ya dubi lamarin a lokacin zai ce an ɗora musu abin da ba zai yiwu ba. Mutanen Landan ba su san wannan al'ada ba, ga sanyi, ga kuma tarihin waɗanda suka gwada a baya suka kasa. Tun 1956 aka kafa gidauniyar English Sangha Trust domin samar da al'ummar sufaye 'yan ƙasa, amma cikin shekara ashirin ba a samu komai mai ɗorewa ba. Wanda ya assasa ta, Kapilavaddho, ya ajiye rigar sufanci saboda rashin lafiya shekara guda bayan kafa ta, waɗanda suka biyo baya kuma suka yi ta zuwa suna tafiya. Me ya sa wannan yunƙurin ya tsira? Amsar tana cikin dokar nan da ake ganin ita ce za ta kashe shi.

Tushen lamarin yana arewa maso gabashin Tailan. A 1954 Ajahn Chah ya kafa gidan sufaye na Wat Nong Pah Pong a lardin Ubon, a bisa tafarkin da ake kira na sufayen daji, waɗanda ke fifita zuzzurfan tunani da tsananta bin ƙa'ida a kan yawan karatun littattafai. Cikakken sufi, wato bhikkhu, yana ɗauke da dokoki 227. Ba ya cin abinci bayan rana ta raba, ba ya noma, ba ya ciniki, kuma abin da ba a miƙa masa hannu da hannu ba, ba ya kai shi baki. Fitar safiyar ta yi kama da bara a ido, amma akwai bambanci: sufi ba ya roƙo, ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, tafiya kawai yake yi shiru, wanda ya ga dama ya tare shi.

Sumedho, wanda aka haifa a Seattle a 1934 da sunan Robert Jackman, ya yi aikin jinya a rundunar sojin ruwan Amurka, ya koyar da Turanci a tsibirin Borneo, sannan ya zama cikakken sufi a 1967. Ya shafe kusan shekara goma a hannun Ajahn Chah. Da Turawa masu neman wannan horo suka yi yawa, sai malamin ya buɗe musu gidansu na daban a 1975, Wat Pah Nanachat, ya naɗa Sumedho shugabansa. Saboda haka waɗanda aka kai Landan ƙungiya ce da ta riga ta saba zama tare ƙarƙashin doka ɗaya. Wannan ne bambanci na farko da yunƙurin baya, wanda yawanci ya dogara ga mutum guda.

A watannin farko fitar safiya ba ta kawo abinci ba sai jefi-jefi. Magoya bayan gidauniyar ne ke kai musu har gida. Duk da haka ba su daina fita ba. A 1978, a filin shaƙatawa na Hampstead Heath, wani mutum da ya fito gudun motsa jiki ya tsaya ya yi magana da su. Ashe ya sayi wani daji mai suna Hammer Wood a yankin West Sussex, kudu da Landan, yana neman waɗanda za su kula da shi. Daga bisani ya ba su kyautarsa, eka 108. Gidauniyar ta sayar da kadararta ta Hampstead, ta sayi wani tsohon gida da ya lalace a ƙauyen Chithurst, dab da dajin. A watan Yunin 1979 sufayen suka tare, suka raɗa wa wurin suna Cittaviveka, ma'ana zuciyar da ta keɓe.

Gidan yana yoyo, katakonsa ya ruɓe, gyaransa ya ɗauki shekaru. A nan hikimar dokar ta fito fili. Wanda ba ya riƙe kuɗi, ba ya girki, ba ya tuƙa mota, ba zai yi kwana biyu ba tare da jama'a ba. Kowace rana sai an sami mai kawo abinci kafin tsakar rana, wanda ya kawo kuwa yakan zauna ya saurari karatu. Ta haka iyalai 'yan asalin Tailan da Siri Lanka mazauna Birtaniya, waɗanda suka gaji ciyar da sufaye daga iyayensu, suka haɗu da Turawa masu sha'awar zuzzurfan tunani a inuwa ɗaya. Ɓangaren farko ya kawo sanin al'ada da ɗorewar sadaka, na biyu ya kawo sababbin almajirai.

An yi sassauci a inda ƙa'ida ta ba da dama. An yarda sufaye su sa rigar sanyi, an fassara karatun safe da na yamma daga harshen Pali zuwa Turanci, an kuma ƙarfafa matakin anagarika: mai neman shiga sufanci yakan sa fararen kaya na aƙalla shekara guda, yana girki, yana tuƙi, yana riƙe kuɗin cefane. Wannan mataki ya zama rariya mai tace masu niyyar gaske, ya kuma cike giɓin da rashin ƙauyen mabiya a kusa ya haifar.

Kalandar al'ummar tana juyawa ne a kan halwa. Ta farko ita ce Vassa, wata uku na damina, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, wadda aka gada tun zamanin Buddha, inda sufi ke zama wuri ɗaya ba ya tafiye-tafiye. Amma a Ingila waɗannan watanni su ne na ɗumi da aikin gini da baƙi, don haka aka ƙara wata halwar ta hunturu daga Janairu zuwa Maris, lokacin da ake dakatar da ayyuka, wasu mabiya su karɓi ragamar kicin. Ga sauran jama'a kuma akwai halwar ƙarshen mako da ta kwana goma. Mai shiga yakan ɗauki dokoki takwas, ciki har da barin abincin dare, da kayan maye, da kusantar iyali, da kiɗa da ado. Ana yin shiru, ana tashi da asuba, ana sauya zama da tafiya a hankali. Ba a yanka kuɗin shiga. Wanda ya gama yakan ba da abin da ya sawwaƙa. Littattafan ma kyauta ake raba su.

Koyarwar ba ta da yawan rassa. Ginshiƙinta gaskiya huɗu ne da Buddha ya bayyana: akwai wahala, tana da sanadi wanda shi ne kwaɗayi da maƙalewa, tana iya gushewa, kuma akwai hanyar gushewarta. Aikin mai halwa shi ne ya bi numfashinsa, ya lura da yadda fushi ko sha'awa ke tasowa su wuce ba tare da ya bi su ba. Sumedho ya shahara da jan hankalin almajirai zuwa ga wani siririn sauti da kunne ke ji idan wuri ya yi tsit, a matsayin abin da hankali zai jingina da shi.

Cikin shekara biyar Chithurst ya yi musu kaɗan. An buɗe reshe a Harnham da ke arewacin Ingila a 1981, wani a Devon a 1983, sannan a 1984 aka sayi wata tsohuwar makaranta kusa da Hemel Hempstead aka mai da ita Amaravati, wadda ta zama cibiya mafi girma, aka kuma buɗe babban ɗakin ibadarta a 1999. Rassa sun biyo baya a Niyu Zilan, da Suwizalan a 1988, da Italiya a 1990, da Kalifoniya a 1996. A faɗin Ingila da Wales, ƙidaya ta nuna mabiya addinin sun tashi daga kimanin dubu 144 a 2001 zuwa dubu 273 a 2021, ko da yake ƙaura daga Asiya da sauran ɗariƙu suna da babban kaso a wannan ƙari.

Sai dai riƙon al'adar da ya gina al'ummar ya zo da nasa farashin, mata ne kuma suka biya. Mata huɗu sun shiga Chithurst tun 1979. Da yake Tailan ba ta yarda da cikakken sufancin mata ba, Sumedho ya samar musu matsayi na tsakiya a 1983, mai suna siladhara, a bisa dokoki goma. A 2009 aka gabatar musu da sharuɗɗa biyar, waɗanda suka tabbatar da cewa kowane bhikkhu yana gaba da kowace siladhara komai daɗewarta, kuma matsayin ba tsani ba ne zuwa cikakken sufanci. A shekarar ce kuma aka ba mata huɗu cikakken matsayi kusa da Perth a Ostareliya, abin da ya sa uwar ɗariƙa a Tailan ta cire gidan Ajahn Brahm daga jerin rassanta. Wasu daga cikin manyan matan Ingila suka fice. Biyu daga cikinsu, Anandabodhi da Santacitta, sun karɓi cikakken matsayi a Kalifoniya a 2011.

Ajahn Chah ya rasu a 1992. Sumedho ya sauka daga shugabancin Amaravati a 2010, ya miƙa wa Ajahn Amaro, Bature ɗan Ingila, al'ummar kuma ba ta watse ba, abin da ya gagari yunƙurin farko. Har yau a waɗannan gidaje sufaye ba sa cin komai sai abin da aka miƙa musu a ranar. Batun matsayin mata kuwa ya kasance mai wuyar taɓawa, domin sauya shi na iya raba rassan Turai da uwar ɗariƙar da suka fito daga cikinta.