Peter Stastny da Hanyar da Ya Buɗe wa 'Yan Wasan Slovakiya

A watan Agusta na 1980 ƙungiyar Slovan Bratislava ta sauka a Innsbruck na ƙasar Ostiriya domin gasar kofin Turai ta ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Da aka gama wasa aka zo komawa gida, sai aka ga motar 'yan wasa ba ta cika ba. Babu Peter Stastny, babu ƙanensa Anton, babu kuma Darina matar Peter, wadda cikinta ya tsufa. Sun bi wasu baƙi biyu daga Kanada, Marcel Aubut da Gilles Leger, shugabannin ƙungiyar Quebec Nordiques, waɗanda Peter ya buga wa waya a ɓoye. Daga nan sai ofishin jakadancin Kanada a Vienna, sai jirgi.

A lokacin Slovakiya ba ƙasa ba ce mai cin gashin kanta. Ɓangare ce ta Chekoslovakiya, ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, inda ɗan wasa dukiyar gwamnati ne. A takarda ma'aikaci ne ko soja, wasa kuwa wai sha'awa ce kawai. Hukuma ke riƙe da fasfonsa, ita ke cewa ya je can ko ya zauna nan. Wanda ya fita bai dawo ba sunansa maci amanar ƙasa, kuma danginsa da ya bari su ne za su ɗanɗana kuɗarsu.

Wasan kansa ba abin wasa ba ne a ƙasar. Mutum shida-shida ne ke sulɓi a kan takalma masu kaifin ƙarfe, suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna, da gudun da ido ke wahalar bi. Bayan tankokin Tarayyar Sobiyet sun shiga ƙasar a watan Agusta na 1968, filin ƙanƙara ya zama wurin da talaka ke huce haushinsa. A gasar duniya ta 1969 a Stockholm, Chekoslovakiya ta doke Sobiyet har sau biyu, 2-0 da 4-3, jama'a suka cika tituna, aka farfasa ofishin kamfanin jirgin Aeroflot a Prague. Kyaftin ɗin ƙungiyar, Jozef Golonka, da mai tsaron gida Vladimir Dzurilla, duk 'yan Slovakiya ne. Peter, wanda aka haifa a Bratislava a 1956, yana ɗan shekara goma sha biyu a lokacin.

Su uku suka taso a Slovan: Marian babba, Peter, sai Anton. Peter ya ci kofin duniya tare da Chekoslovakiya a 1976 da 1977, kuma a 1979 'yan'uwan suka kai Slovan ga lashe gasar ƙasa, karo na farko da wata ƙungiyar Slovakiya ta ƙwace kambun daga hannun Chek. Wato ba yunwa ce ta kore shi ba. Yana kan ganiyarsa ya tafi, abin da ya fi ƙona wa hukuma rai ke nan.

Ba shi ne farkon wanda ya tsallake ba. Vaclav Nedomansky, shi ma tauraron Slovan, ya gudu a 1974. Kafin su duka akwai Stan Mikita, wanda dangi suka ɗauke daga ƙauyen Sokolce zuwa Kanada a 1948 yana yaro, ya girma ya zama gwarzon Chicago. Amma Mikita a Kanada ya koyi wasa, Nedomansky kuma ya kai shekara talatin kafin ya fita. Peter ne ya je da ƙuruciyarsa da horon gida, ya nuna wa NHL, babbar gasar Amurka da Kanada, abin da makarantar Bratislava ke fitarwa.

A wannan wasa ana ba ɗan wasa maki ɗaya idan ya ci, ɗaya kuma idan ya miƙa aka ci. A kakarsa ta farko Peter ya ci 39, ya miƙa 70, jimla 109. Babu sabon shiga da ya taɓa haura maki ɗari kafin shi, don haka kofin Calder na gwarzon sababbi bai zo da gardama ba. Ranar 22 ga Fabrairu 1981, a gidan Washington Capitals, shi da Anton kowanne ya tara maki takwas a wasa guda, Quebec ta ci 11-7. A duk shekarun 1980 Wayne Gretzky kaɗai ya fi shi tara maki, kuma zama na biyu bayan Gretzky a wancan zamani kusan daidai yake da zama na ɗaya a cikin sauran mutane.

Ba a shimfiɗa masa tabarma ba. Wasu 'yan wasan Kanada na kallon Turawan gabas a matsayin masu ƙwace musu abinci, suka riƙa gwada shi da duka da zagi. Bai kasance mai ja da baya ba. Ya kuma koyi Faransanci, abin da ya sa mutanen Quebec, masu kishin harshensu, suka ɗauke shi nasu.

Marian ne ya biya farashin gudun ƙannensa. Yana da mata da 'ya'ya uku, bai bi su ba, sai aka dakatar da shi daga wasa, 'yan sandan ciki suka sa masa ido. Bayan shekara guda shi ma ya sulale da iyalinsa, a 1981, 'yan'uwan uku suka sake haɗuwa a layi ɗaya na Nordiques. A shekarar ce kuma hukumomin Prague suka bar 'yan wasa Ivan Hlinka da Jiri Bubla suka tafi Vancouver da izini. Lissafin a fili yake: gara a saki tsofaffin 'yan wasa a karɓi kuɗi da a wayi gari matasa sun ɓace a banza.

Peter ya koma New Jersey Devils a 1990, ya ƙarasa a St. Louis Blues, da maki 1,239 a wasa 977. Ya ma taɓa sa rigar Kanada a gasar Canada Cup ta 1984.

Sashen tarihinsa da ya fi daɗin ji ya zo ne bayan an yi zaton ya gama. Mulkin kwaminisanci ya faɗi a 1989, kuma ranar 1 ga Janairu 1993 Chek da Slovakiya suka raba gari ba tare da an harba ko harsashi ba. A rabon gadon wasa an yi wa Slovakiya rabon kura: Jamhuriyar Chek ta gaji kujerar rukunin farko na duniya, aka tura Slovakiya rukuni na uku, cikin ƙasashen da ba sa'anninta ba. Mutumin da aka kira maci amana ya dawo yana ɗan shekara 37, shi ya riƙe tutar sabuwar ƙasar a buɗe wasannin Olamfik na hunturu a Lillehammer a 1994, inda suka zo na shida. A shekarar suka haye daga rukuni na uku a gasar da aka yi a Poprad da Spisska Nova Ves. A 1995, a Bratislava garinsu, Peter ya sake ɗaura takalma suka lashe rukuni na biyu. Shekara biyu kacal ta ɗauke su hawa matakala biyu.

A 2002 a Gothenburg na Suwidin, Slovakiya ta doke Rasha 4-3 ta zama zakarar duniya. Peter Bondra ne ya ci na ƙarshe saura daƙiƙa ɗari a tashi, Miroslav Satan ne kyaftin, Stastny kuwa shi ne babban manajan ƙungiyar. Tun 1998 an riga an sa shi cikin zauren gwarazan wasan da ke Toronto. Daga baya ya shiga siyasa, ya wakilci Slovakiya a Majalisar Tarayyar Turai daga 2004 zuwa 2014. 'Ya'yansa Yan da Paul, haifaffun Quebec, sun buga NHL, kuma Paul ya ci azurfa a Olamfik na 2010 da rigar Amurka.

Nordiques ta ƙaura zuwa Denver a 1995 ta zama Colorado Avalanche. A watan Yuli na 2022, a zaɓen sababbin 'yan wasa da aka yi a Montreal, tsohuwar abokiyar hamayyarta Canadiens ta ɗauki Juraj Slafkovsky ɗan Kosice, mai shekara 18, a matsayi na ɗaya, karo na farko ga ɗan Slovakiya. Na biyu, Simon Nemec, shi ma ɗan Slovakiya ne, kuma New Jersey Devils ce ta ɗauke shi.